Ranar da Gwaggo Ta Cire Takwararta Daga Layi

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma. Gwaggo, yayar mahaifina, ta riga mu ranar Talata da hantsi. Ina cikin aji a Birnin Kudu aka bugo mini waya. Na ɗauki mai ɗakina da 'yarmu ta fari muka shiga motar Gwaram, daga can muka hau acaɓa zuwa ƙauyenmu da ke bayan Kwandiko. Da ƙyar na samu sallar, kafin la'asar mun kai ta makwancinta.

Kwana uku muka yi a zaune a ƙofar gida, kuma a kwana ukun nan na sha ƙaryar da rabona da jin irinta tun lokacin kamfen. Baffa, ƙaninta, wanda gari ke kira Alhaji saboda shi ne babban mai sayen hatsi a yankinmu, shi ya sa aka kafa rumfa aka jera kujerun roba. Ya zauna a tsakiya da hankici a hannu. Duk wanda ya ce masa, "Alhaji, ya haƙuri?" sai ya girgiza kai ya goge idon da babu komai a cikinsa.

"Mun yi rashin uwa," in ji shi. "Mace ce da ba ta san son kai ba. Gaskiya ko a kan wa, sai ta faɗa."

Wannan mutumin shekara bakwai bai taka ɗakinta ba, ko da Sallah. Ya hana matan gidansa gaishe ta a hanya. Yanzu da bakinta ya rufe, gaskiyarta ta zama abin ado, yana yafa ta kamar rawani.

Wani ɗan siyasar garinmu ma ya zo da rakiyarsa. Ya ɗaga hannu yana addu'a ana ɗaukarsa hoto a waya, da ya duba ya ga hoton bai fito da kyau ba sai ya sake shafa fatiha. Tsofaffin da suka taɓa kiranta mayya a bayan idonta suna ta cewa, "Ai Gwaggo ta kowa ce." A cikin gida ne kawai na ji magana ɗaya mai nauyi. Wata mata ta share hawaye ta ce, "To yanzu wa zai gaya mana shekarun 'ya'yanmu?"

Babu wanda ya ambaci Asabar ɗin allurar ƙyanda, alhali kowa a rumfar nan ita ce a ransa. Ni ma ita ce a raina, kuma ni ne na fi kowa dalilin yin shiru. Shi ya sa na ɗauki biro. Gwaggo ba ta da daɗin baki, ba ta iya lallashi ba, kuma ba na son a lulluɓe ta da yabon da ba nata ba har a manta wace ce ita.

Ungozoma ce. Fiye da rabin garinmu a hannunta muka faɗo, har da ni. Kayan aikinta a cikin wani kwano mai murfi suke: sabuwar reza, zare, sabulu, da tsumma wankakke. Tun da aka taɓa tara su a Gwaram aka koya musu wanke hannu har gwiwa, ba ta sake taɓa mai naƙuda ba sai ta yi wankin nan, ko da uwar miji na tsaye a kanta tana cewa ta cika iyayi. In haihuwa ta zo da gardama ba ta tsayawa jiƙe-jiƙe. Fitowa take ta tsaya a bakin zaure ta ce da maigidan, "Nemo mota." In ya fara cewa a ɗan ƙara jira, sai ta ce, "Kai ne za ka haihu? Nemo mota, na ce." Na san magidanta da yawa da suka ƙi jininta saboda wannan, matansu kuwa suna nan da rai suna yi musu tuwo.

Kason naman suna da ake ba ta, in gidan talaka ne, ta baya take mayar wa mai jego ta ce ta ci ta samu nono. In gidan mai hali ne kuma aka yi mata ƙwauro, a gaban baƙi za ta ɗaga naman ta tambaya ko ɓera aka yanka.

Ba ta san ko harafi ɗaya ba, amma ba ta taɓa ɓatar da ranar haihuwar kowa ba. Da gona take lissafi. "Wannan? Ana casar gero, shekarar da rijiyar masallaci ta rufta." "Waccan, saura kwana biyu a ɗauki azumi, daminar da rafi ya ci gonakin fadama." Masu neman katin ɗan ƙasa wurinta suke zuwa ta gaya musu shekarunsu kafin su tafi Gwaram. Ni da nake malamin firamare kuwa ba ta raga mini ba. "Malam mai alli," take ce mini, "ku in takarda ta jiƙe shi ke nan, kun manta ubanku."

'Ya'ya huɗu ta haifa. Sau ɗaya tak na ji ta yi maganarsu, tana tsince wake, ba ta ko ɗago kai ba. A wata bazara, tun kafin a haife ni, ƙyanda ta shiga ɗakinta ta kwantar da su duka. Babban, mai shekara takwas, ya tashi. Ƙananan uku ta binne su cikin mako biyu. "Manya suna tashi," ta ce, "ƙananan take ɗauka." Ta ci gaba da tsintar wakenta.

Da aka haifa mini 'yar fari, ita ta yanke cibiya, ni kuma na sa wa yarinyar sunanta. Mu muna ce mata Mai Sunan Gwaggo, ita kuwa Takwara take kiranta. Yarinyar ta ɗauko ƙaramin jikin uwarta, tana shekara shida sai ka ce huɗu ce. Gwaggo da ba ta yi wa kowa dariya, da ita take dariya. Tana ɓoye mata aya da ƙuli-ƙuli a ƙarƙashin tabarma, tana yi mata kitso tana zaginta da cewa kanta kamar goron biri. A ɗakinta yarinyar ta fi wuni.

Ba a taɓa yi wa 'yata allurar rigakafin ƙyanda ba, kamar yawancin yaran danginmu. A shekarun nan Baffa ya kafa hukunci a zaurensa cewa allurar dabara ce ta hana haihuwa. Mutumin da ke da jikoki sun fi ashirin shi ne yake tsoron ƙarewar zuriya. In ma'aikatan lafiya suka zo ƙofarsa, korarsu yake kamar awaki sun shiga masa shanya. Mu kuma muna zaune a tabarmarsa muna gyaɗa kai.

Shekara bakwai ke nan, da bazara, ƙyanda ta ɓulla a ƙetaren rafi, inda 'yan ƙwadagon noman rani suka kafa bukkokinsu. Cikin mako guda aka wuce da yara uku a naɗe cikin tabarma, ko makara ba su isa a sa su ba. Sai cutar ta tsallako gari. Ranar da wani jikan Baffa ya kwana yana tari, washegari Baffa ya zama babban mai kiran a kawo allura. Ba mu ji wani malami ya sauya fatawa ba. Motarsa ya bayar a je a ɗauko ma'aikata, har yana faɗa wai gwamnati ta yi watsi da talakawa.

Ranar Alhamis malamar asibiti ta zo daga Gwaram, wata dattijuwa mai tabarau, ta samu maza a zauren mai unguwa. Ta ce ranar Asabar za ta kawo allura, amma abin da ta samu kwalba goma sha biyu ne, kowace kwalba ta yara goma. Yaran garin sun ninka haka sau uku ko fiye. Sauran sai an aiko, kuma ba ta san ranar ba.

Nan fa kowa ya fito da halinsa. Baffa ya ce a bi gida-gida bisa girma, a fara da gidajen da suka riƙe garin, kuma a yi a zaurensa tunda akwai inuwa. Ɗan siyasar ya ce a duba masu katin zaɓe, don su ne gwamnati ta sani. Wani dattijo ya ce a fara da yara maza, tunda su ne za su yi noma. Abu ɗaya ne bakinsu ya zo ɗaya a kai, wato 'yan gari tukuna, baƙi daga baya. Baƙin su ne mutanen ƙetaren rafi, da mai injin niƙa, wani Kirista daga kudu wanda ya shekara goma yana niƙa mana dawa muna ci.

Malamar ta bar su suka gama. Sannan ta ce umarnin da aka ba ta shi ne daga ɗan wata tara zuwa ɗan shekara biyar, domin su cutar ta fi kashewa, kuma ba ta da ikon ƙara ko rana ɗaya. Ta tambaya ko yaran suna da takardar haihuwa. Wasu suka yi dariya.

Sai na yi gyaran murya, ni malamin makaranta, mai ilimin zauren. Na ce akwai yadda muke yi in za mu ɗauki 'yan aji ɗaya. Yaro ya ɗora hannun dama ta saman kansa ya kamo kunnen hagu. In ya kamo, ya kai shida, ya isa makaranta. In bai kamo ba, yaro ne. Na ce a yi haka, wanda bai kamo ba shi ne na allura, babu sani babu sabo. Aka ce madalla, boko ya yi rana. Malamar ta ce to, tunda babu takarda.

Ba don adalci na faɗa ba. Na san tsawon hannun 'yata. Da na koma gida na kira ta na gwada, yatsunta suka tsaya saura kamar faɗin yatsa ɗaya su taɓa kunnen. Shekararta shida da wata huɗu, tana ma aji ɗaya, don 'yar malami ba ta bi ta gwajin kunne ba. Na ji daɗi har cikin raina. Mai ɗakina ta dube ni, ta ɗauki tsintsiya ta fita.

Ranar Juma'a gari ya zama makarantar koyon ƙarya. In ka bi lungu, ta bayan danga za ka ji uba yana tsawa: "Lanƙwasa hannun, ɗan banza! Kada ka kamo!" Yaran da bara iyayensu suka riƙa ja musu hannu kamar za su tsinke shi don a ɗauke su makaranta, su ne bana ake koya wa noƙe kafaɗa. A gidan Baffa har da bulala aka yi darasin. Bayan an sauko daga masallaci kuma kowa ya yi wa kowa fatan Allah ya kawo sauƙi.

Asabar da safe aka kafa tebur a ƙarƙashin bishiyar dogon yaro ta makarantarmu, akwatin sanyi a gefe. Yaran gidan Baffa tun da sassafe suka kama gaban layi, an aske musu kai an sa musu ƙananan riguna don su ƙara ƙanƙancewa. Matan ƙetaren rafi suna can baya a rana da goyonsu, ba su ma shiga layin sosai ba, sun san matsayin da aka ba su.

Sai ga Gwaggo da sandarta, ta riƙo kujera 'yar tsugunno. Babu wanda ya gayyace ta. Ta ajiye kujerar a jikin akwatin sanyi ta zauna. Malamar ta san ta tun zamanin koyon wanke hannu, ta rusuna ta gaishe ta.

Na farko a layi jikan Baffa ne, ƙato da giɓi a baki. Ya ɗora hannu a ka ya lanƙwasa shi yadda aka koya masa, yana satar kallon kakansa.

"Miƙe hannun nan kafin in miƙe maka shi," in ji Gwaggo. "Malama, wannan da kaka mai zuwa zai cika takwas. Ana cire gyaɗa na karɓe shi."

Baffa ya matso yana rage murya. "Haba Yaya, a gaban mutane?"

"A gaban mutane aka yi sunansa. Raguna biyu ka yanka, ka aiko mini da ƙafa."

"Yaya, jininki ne fa."

"Kai ma jinina ne, a bayana ka yi fitsari. Matsa ka ba mutane wuri."

Tara ta cire daga gidansa, ta bar ƙananan biyar. Haka ta bi layin nan ɗaya bayan ɗaya, tana faɗin damina da kaka, tana tuna wa iyaye abin da suka ci ranar suna. Ba wanda ya iya ƙaryata ta, don duk sun san ba ta kuskure. Sannan ta ɗaga sanda ta yafito matan ƙetaren rafi ta ce su zo gaba, tunda a ɗakinsu wutar ta fara ci.

Ɗan siyasar ya ce, "Gwaggo, an fa yanke a zaure, baƙi daga baya."

Ta nuna wani jariri a bayan uwarsa. "Mabiyiyar wannan da hannuna na binne ta a bayan bukkarsu, a ƙasar garin nan. Kai a birni aka haife ka, ban san inda aka jefa taka ba. To wane ne baƙon?"

Mata suka rufe baki da mayafi suna dariya. Ni ma na yi dariya, Allah ya yafe mini. Ina jin daɗin yadda take sauke manya, don a zatona abin ba zai iso kaina ba. Takwararta ce. Kuma 'yata ba ta buƙatar yin ƙarya, hannunta da gaske bai kai ba.

Rana ta take, ƙanƙarar akwatin ta fara narkewa. Malamar ta fasa kwalba ta ƙarshe ta ce saura yara goma. Na ƙirga layin da ido, 'yata ce ta bakwai. A bayanta akwai ƙanana da yawa, kowace uwa tana ƙirga abin da nake ƙirgawa.

Da aka zo kanta ta ɗora hannu a ka ta miƙe shi iya ƙarfinta, kamar yarinyar kirki. Yatsun suka tsaya inda na san za su tsaya. Malamar ta gyaɗa kai ta ɗauki auduga. Na dubi Gwaggo. Kanta na ƙasa, tana zana ƙasa da bakin sanda, ta daɗe a haka har na fara sauke numfashi.

"Takwara," ta ce, "zo nan."

Malamar ta tsaya da audugar a hannu.

"Shida da wata huɗu. Ana yankan dawa na karɓe ta, da hantsi."

Na durƙusa a gabanta, a gaban ɗalibaina da iyayensu. "Gwaggo, don girman Allah. Dubi jikinta. Hannunta bai kai ba, kowa ya gani."

"Na gani. Kai ka kawo maganar kunnen nan, kana zaton ban san dalili ba?"

"Allura ɗaya ce, Gwaggo."

"Ɗaya ce. Ga mai ita can." Ta nuna matar mai injin niƙa, wadda take ta goma sha ɗaya a layi, da jaririya 'yar wata goma a bayanta.

Yarinyar kuwa murna ta yi da ta tsira daga tsinin allura. Ta ruga ta faɗa cinyar Gwaggo tana dariya, tana yi wa sauran yara gwalo. Gwaggo ta dafa kanta, ba ta dube ni ba.

Abin da na faɗa a wurin nan ba zan ɓoye shi ba, tunda na tona na kowa. Na miƙe na ce, "Don ke kin binne naki, shi ya sa ba ki damu wani ya binne nasa ba." Baffa ma da yake cike da haushinta sai da ya kau da kai. Ita kuwa ta ce da malamar, "Ci gaba, ƙanƙararki na narkewa."

Bayan kwana goma zazzaɓi ya kama Mai Sunan Gwaggo. Ido ya yi ja, tari ya zo, ƙuraje suka feso tun daga bayan kunne. Gwaggo ta naɗo tabarmarta ta tare a ɗakinmu ba tare da ta nemi izinina ba. Mako biyu tana jiƙa tsumma tana goge mata jiki, tana ɗura mata kunu cokali-cokali. Da maƙwabta suka kawo turare da saiwoyi ta kore su. Ranar da ta ga mugunya na fitowa daga kunnen yarinyar ta fito tsakar gida ta ce mini, "Nemo mota," da muryar da take yi wa kowane maigida.

Kafin motar ta zo na tsaya a bakin ƙofa na ce, "Kin ga aikinki."

Tana matse tsumma a ƙwarya. Ba ta ɗaga murya ba. "Ni na cire ta daga layi ranar Asabar, kuma ni zan amsa wannan a gaban Allah. Amma tana wata tara uwarta ta goya ta, ta yafa mayafi za ta asibiti. Allura na nan jibge ba mai so. Wa ya tare ta a zaure ya ce ta koma ciki?"

Ni ne. Ban ma yarda da maganar hana haihuwar ba, ko a lokacin. Baffa ne yake zaune a ƙofar gida da mutanensa, ni kuma ba na son a ga matar malam ta wuce da goyo zuwa wurin allura a ce na fita daga sahun manya. Don kada a yi mini kallon banza na minti biyar na mayar da ita ciki. Na ce sai wani makon, wani makon kuma bai zo ba.

Yarinyar ta tashi, kamar yadda manya suke tashi. Kunnen hagu ne bai tashi ba. Likita ya gwada, ya ce ya mutu, sai haƙuri. Bayan wata guda aka aiko da sauran allurar, akwati-akwati. Lokacin cutar ta lafa, sai malamar ta koma bin gidaje tana roƙo, Baffa kuma ya koma cewa shi dai har yanzu yana da shakka.

Ƙarshen shekarar na nemi canjin wurin aiki zuwa Birnin Kudu, na ce wa mutane ci gaba nake nema. Gwaggo nake gudu. Shekara bakwai in na zo gari daga bakin ƙofa nake cewa, "Gwaggo, ina kwana," ta ce, "Lafiya, Malam mai alli," in wuce. Ba ta taɓa ba ni haƙuri ba, ba ta kuma sake tayar da maganar zauren ba. Na riƙe fushina da kyau, don in na sake shi babu abin da zai rage sai ni da abin da na yi.

Yarinyar ba ta daina zuwa wurinta ba. Duk hutu can take. Na lura da abu ɗaya da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ni ubanta har yau nakan manta, har in yi mata magana ta hagu, sai ta juyo ta ce, "Na'am?" Gwaggo ba ta taɓa mantawa ba. In za su zauna, ta damanta take zama. In za su rafi, sai ta sauya hannun sanda don ta bi ta damanta. A zaman makokin nan ne mai ɗakina ta gaya mini cewa bara Gwaggo ta ce mata, "Na san za ta tashi. Rai na lissafa, ban lissafa kunne ba." Ta ce daga nan tsohuwar ta shiga ɗaki ta daɗe ba ta fito ba.

Ranar addu'ar uku rumfar ta cika. Liman ya gama, aka raba gumba, sai Baffa ya miƙe zai yi jawabi. Daidai lokacin Mai Sunan Gwaggo ta leƙo bakin zaure da kofin ruwa za ta miƙo mini. Shekararta goma sha uku yanzu, har yau ƙarama ce a jiki. Baffa ya hango ta ya nuna ta da hankicinsa.

"Ga shaida nan! Takwararta ce, amma ko ita ba ta ɗaga wa ƙafa ba. Irin wannan gaskiyar muka gada a gidanmu."

Jama'a suka ce, "Allahu Akbar." Ɗan siyasar ya gyaɗa kai kamar da shi aka yi gaskiyar. Baffa yana tsaye ta hagunta, don haka ba ta ji ba, ta dai ga idanu sun yo kanta. Ta sunkuyo ta ce, "Baba, me Alhaji yake cewa?"

Na tashi na ja ta cikin zaure, na zagaya ta damanta.

"Yana cewa Gwaggo ce ta cire ki daga layin allura. Amma ba ita ta fara ba. Tun kina goye innarki za ta kai ki, ni na hana. Kunnen nan naki ni ne."

Ta dube ni kamar na yi mata wani yare.

"A'a, Baba. Gwaggo ta gaya mini tun ina aji uku. Ta ce ita ce, ita kaɗai. Ta ce kada in taɓa tambayar kowa, kada in ɗora wa kowa."

Ta miƙo mini ruwan ta koma cikin gida wurin mata. A waje Baffa yana ta jawabi.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya haskaka kabarinta, ya haɗa ta da ƙananan nan uku da ta binne. In akwai abin yafewa a Asabar ɗin nan, Allah ya yafe mata. Ni kuma ya ba ni bakin da zan sake gaya wa yarinyar nan, don har yau maganar Gwaggo ta ɗauka, ba ta yarda da tawa ba.